Yadda zaka zaɓi rigar mota in motarka a waje take kwana

Gidanmu irin gidajen cikin gari ne na da, zaure ne da ƙofa wadda ko mashin sai ka karkata kanshi kafin ya shiga, to ina maganar mota. Shekara shida ke nan 'yar Corollata a ƙofar gida take kwana take wuni, gefen wani tsohon bedi da ya girme ni. A shekara shidan nan riga huɗu na saya mata, uku daga ciki asarar kuɗi ce kawai, ta farkon ma ba kuɗinta kaɗai na yi asara ba har da na fenti. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wace riga zai saya wa motarshi nake ce mishi zauna tukuna, maganar tana da ɗan tsawo.

Bari in fara da wautar da na tafka. Lokacin hunturu ne zan tahi Yamai wajen sati uku, sai na ce bari in rufe ta kar ƙura ta dame ta, na samo tamfol irin shuɗin nan mai kauri da ake rufe buhunan wake da aya a sito, na lulluɓe ta na ɗaure da igiya na kama hanya hankalina kwance. Da na dawo na yaye wallahi sai da na riƙe baki. Duk inda mota ke da kusurwa, gefen rufi, bayan madubai, bakin bonet, fentin ya dushe ya yi fari-fari kamar an dirje shi da toka. Na kai wa mai fenti, ya shafa hannu ya dube ni ya ce "Alhaji ai kai ba rufe mota ka yi ba, samfefa ka ɗaura mata ka bar wa iska aikin gogewa." Yashi ne ya shige ƙarƙashin tamfol ɗin, iska kuma tana kaɗa shi dare da rana, sati uku yana cuɗa yashin nan a jikin fenti.

Ka riƙe wanga labarin don duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso. Yawancin rigunan da ke shigo mana an yi su ne don ƙasashen da damuwarsu ruwa da ƙanƙara. Mu nan Maradi ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 500 ne, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka ya gama, sauran watannin rana ce da ƙura da iska, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40 kamar ba komai ba. Saboda haka in mai shago ya ɗaga riga yana rantsuwa cewa ko ɗigon ruwa ba ya shiga, to ƙaramar magana ya yi maka, babbar tana gaba.

Mataki na farko, kafin ka taɓa aljihu, je ka tsaya inda motar ke kwana

Ka tsaya da hantsi, ka sake tsayawa da azahar, ka ga mi ke cin motar a wurin. Rana ce ke dukanta tun safe har la'asar, ko inuwa tana samunta rabin wuni? Akwai icce a kanta? In bedi ne ka san akwai 'ya'yan da ke faɗowa su manne, akwai kashin tsuntsu, kuma kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana yana cin fenti ya bar tabo ko an wanke. Lungu ne da iska ke ratsawa da ƙarfi ko fili ne? Ruwa yana kwanciya wurin da damina? Awaki suna hawa? Yara suna ƙwallo?

Sannan ka tambayi kanka gaskiya, sau nawa kake fita da motar. Nan ne mutane ke yaudarar kansu. In kullum kake fita, safe ka kai yara lakkol, ka dawo, ka tafi kasuwa, ka dawo cin abinci, ka sake fita, ina tabbatar maka cikakkiyar riga ba zaka yi sati biyu kana sa ta ba, zata koma cikin but ta zauna tana tara ƙura. Kai abin da ya dace da kai rabin riga ce, wadda ke rufe rufi da gilasai kawai, ko ma abin tare rana na gilashin gaba, don abin da rana ta fi kashewa shi ne dashbod da sitiyari da kujeru. Cikakkiyar riga ta wanda motarshi ke yin kwana biyu uku ko sati ba ta motsa ba ce, ko mai tafiye-tafiye, ko mai mota biyu.

Mataki na biyu, auna motar

Kar ka dogara da harafin da anka buga a kwali, su M da L da XL ɗin nan, kowane kamfani da nashi, L ɗin wani M ɗin wani ne. Abin da zaka duba lambobin santimita ne, tsawo da faɗi da bisa. Ka samu tef ɗin awo irin na magina, ka ajiye dutse daidai bakin bamban gaba, ka ajiye wani daidai na baya, ka gusa da motar ka auna tsakanin duwatsun, ya fi maka sauƙi da bin jikin mota da tef yana lanƙwasa. Faɗi ka auna ba tare da madubai ba, bisa kuma daga ƙasa zuwa saman rufi. In akwai kariya ta ɗora kaya a sama, ko ƙarfen gaba, ko taya a ƙofar baya irin na tsohuwar RAV4 da Prado, ka haɗa da su cikin awo, mutane na mantawa sai an je sa riga a ga ta ƙi sauka.

Don ka samu abin kwatance, Starlet wajen mita 3.7 take, Corolla wajen mita 4.5, Hilux mai ƙofa huɗu ta kai wajen mita 5.3. Rigar ta fi motar da santimita 10 zuwa 20, ya isa. Mu mun saba da babbar riga, sai mu ce a saya da girma ya fi, to a mota ba haka ba ne, duk yadin da ya yi saura shi iska zata riƙa kaɗawa yana marin fenti. Ƙarama kuma zaka riƙa ja da ƙarfi har ɗinkin ya ɓalle a kusurwa. Ka kuma lura da siffa, rigar mota mai but dabam, ta mai yankakken baya dabam, ta jif dabam, ta a-kori-kura dabam, ko da tsawonsu ɗaya.

Mataki na uku, yadin, nan ne kuɗinka zai tsira ko ya tafi

Kusan iri huɗu zaka tarar. Akwai mai kama da leda, sau da yawa an rubuta PEVA a jikin jakar. Ita ce mafi araha, ba nauyi, ruwa ba ya ratsa ta, amma iska ma ba ta ratsa ta, kuma ranarmu tana busar da ita ta yi tauri ta fara tsagewa a wurin ninki. In ba ta da shafi mai laushi daga ciki to ƙanwar tamfol ɗina ce, ka ajiye ta.

Akwai siririya mai ruwan azurfa kamar yadin lema, zaka ga an sa 170T ko 190T. Tana tare ƙura da kashin tsuntsu, mutum ɗaya yana sa ta cikin minti biyu, amma ba ta da rai mai tsawo a waje, wannan ta motar da ke ƙarƙashin rumfa ce.

Akwai wadda ba saƙa ba ce, matse ta anka yi hawa-hawa, in ka taɓa kamar irin takunkumin hancin da munka sa lokacin korona amma mai kauri. Tana da laushi, tana numfashi, a hannu ma ita ta fi daɗi, kuma ita ce riga ta biyu da na saya. Ba ta ga bazara biyu ba. Wata safiya na kama ta zan yaye sai yatsana ya shige, na ja sai ta biyo hannuna tana zuba kamar garin rogo, rufin mota duk ya yi fari da ɓurɓushi. Irin zaren nan in ba a sa mishi maganin rana tun daga kamfani ba rana tana dafa shi, kuma da ido ba zaka gane an sa ko ba a sa ba. Akwai masu kyau cikinsu amma suna da tsada, wadda aka ce maka araha ce ka yi hankali.

Sai kuma yadin Oxford, saƙaƙƙen poliyesta irin na jakar 'yan makaranta, wanda ake shafa wa ruwan azurfa ta waje. Shi zaka ga an rubuta 210D, 300D, 420D, 600D. Wannan D ɗin kaurin zare yake nufi, nauyin zare mai tsawon mita 9000 ne a giram, kaga duk yadda lambar ta hau zaren ya fi kauri. Ni a ganina 300D ko 420D shi ne daidai da nan. 210D yana yi in kuɗi sun gaza. 600D ƙarfi kam akwai, amma nauyi gare shi, in kai kaɗai ne zaka riƙa jan shi a kan fenti wajen sawa, kuma in ya jiƙa sai ka nemi mai taya ka ɗagawa. Rigata ta yanzu irin wannan ce kuma ita kaɗai ta wuce shekara biyu.

Maganar hawa shida, hawa goma da ake bugawa a kwali da manyan baƙaƙe kar ta ruɗe ka, har shafin da anka fesa suke ƙirgawa a matsayin hawa. Hannunka da idonka sun fi kwali gaskiya. Ka ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinshi, in haske yana zubowa kamar rariya to ƙura ma zata zubo. Ka murza gefen azurfar da babban yatsa da ƙarfi, in ya bar maka ƙyalli a yatsa to wata biyu zai kai ya saɓule. Ka ja shi ta kusurwa ka ji ko yana ƙara kamar zai yage. Ka sayi ruwan leda ɗaya ka zuba a kai, ruwan ya dunƙule ya gangare, kar ya tsotse nan take.

Amma fa kar ka nemi wadda ta toshe gaba ɗaya ba ta da ko ƙofar shan iska. Da damina in anka yi ruwa da dare ƙasa ta jiƙe, da safe rana ta fito, tururi yana tashi daga ƙarƙashin mota ya shige cikin rigar, in bai samu hanyar fita ba sai mota ta wuni tana turara kamar dambu a madambaci. Daga nan ne zaka ga fenti ya yi wani hazo-hazo, cikin mota ya fara warin funfuna, tsatsa ta fara leƙowa ta gefen ƙofofi. Yadin Oxford mai shafi ba ya numfashi sosai da kanshi, shi ya sa zaka nemi wadda anka yi wa 'yan tagogi masu marfi a gefe ko kusa da rufi, su ne ke fitar da tururin, kuma suna rage yadda iska ke cika ta ta kumbura kamar balan-balan.

Mataki na huɗu, juya ta ka ga cikinta

Mutane suna kallon waje su biya kuɗi, alhali cikin shi ke kwana da fentinka. Ka juya ta, ka shafa a bayan hannunka ko a kumatu, ya kasance auduga ce mai laushi ko irin yadin bargon jarirai. Ka duba shafin ya kai ko'ina, don akwai wayon da ake yi, a sa laushi a tsakiya inda mai saye zai taɓa, gefe da kusurwa a bar su haka nan, kuma kusurwar ce ke cin fenti. Ka bi ɗinki da yatsa ta ciki, in akwai tudu mai kaushi ko bakin zare mai tauri to wurin zai zana maka layi.

Laushin nan yana da nashi sharri, dole in faɗa. Yana kama yashi, in kuma ya taɓa ƙasa inda akwai ƙarangiya to ka shiga uku, sai ka zauna kana cirewa ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Don haka cikin riga ba ya taɓa ƙasa, ko da wasa.

Mataki na biyar, abin ɗaurewa

Riga ta uku da na saya yadinta ba laifi, roba ce kawai a bakinta ba maɗauri. Hadarin farkon damina, irin wanda jar ƙura ke riga ruwa isowa gari ya yi duhu, iska ta shige ta ƙasa ta ɗaga ta sama ina kallo ta taga. Washegari a kan katangar maƙwabta munka same ta, bakin kwano ya farke ta gida biyu.

Robar bakin riga ita ke fara mutuwa a zafin nan, wata shida ta saki. Saboda haka ka nemi mai maɗauri aƙalla uku, ɗaya ya ratsa ta ƙarƙashin tsakiyar mota, ɗaya gaba ɗaya baya, ko masu kama tayu huɗu. Maƙullin maɗaurin ya zama na roba mai ƙarfi, ƙugiyar ƙarfe in ta kuɓuce tana dukan ƙofa ta bar rauni. In akwai ƙawanyar ƙarfe a bakin yadin ka duba an rufe ta da ƙyalle ta ciki. Ka ja maɗaurin daga inda anka ɗinke shi, wurin ya zama an ninka yadi an yi ɗinki biyu. In wadda ka samu mai kyau ce amma maɗauri ɗaya gare ta, ba matsala ba ce, tela zai ƙara maka biyu da 'yan kuɗi kaɗan, wasu ma tsohon tib na mashin suke yankawa su ɗaure ta ƙasa, yana yi, in dai bai hau kan fenti ba.

Aljihun madubi yana taimakawa don yana riƙe rigar a mazauninta, amma sai ya faɗa daidai inda madubinka yake, in bai faɗa ba gara babu. Zif na ƙofar direba kuwa ni ban damu da shi ba, a hoto yana da kyau wai ka ɗauko abu ba sai ka yaye ba, amma yashi na shiga haƙoranshi ya ƙi ja, kuma in ba a rufe shi da ƙyalle ta ciki ba yana karce ƙofa. Abin da nake so shi ne layin nan mai ƙyalli da dare, in anka ɗauke wuta lungu ya yi duhu ɗan kabu-kabu zai hango akwai mota kafin ya rungume ta.

Launi ba doguwar magana ba ce, azurfa ko fari ko ruwan toka mai haske. Baƙa da shuɗi mai duhu suna shan zafi, wasu kuma suna zuba in sun jiƙe, farar mota ta tashi da shuɗin tabo. In dole sai mai launi, ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a ciki ka gani.

Mataki na shida, wajen saye

Ka tahi da motar, wannan shi ne sharaɗi. Ko babbar kasuwa zaka je ko shagunan kayan mota, ka ce wa mai shago "ɗan'uwa a gwada a jikinta, in ta zauna mu yi ciniki." Mai kaya mai kyau ba ya ƙin gwaji. In ya ce ba a buɗe leda sai an biya, to ku yi magana a gaban shaida cewa in ba ta yi ba zai canza. Farashi ba zan faɗa maka ba don yana tafiya da canjin naira da sefa, kayan da yawa ta Kano da Katsina suke biyowa, farashin bara ba shi ne na bana ba. Ka dai zaga shago uku kafin ka ciro jikkunanka. In wani zaka aika ya sayo maka a Ƙofar Ruwa can Kano, ko a WhatsApp ka ga hoto, ka tura awonka da santimita, ka ce a ɗauko maka hoton cikin rigar da na maɗauri da na lambar da ke jikin jakar, ba hoton kwali ba.

Ta gwanjo ma ana samun mai kyau, wani lokaci ta fi sabuwa yadi, sai dai ka buɗe ta gaba ɗaya a rana ka duba huji, ka shinshina, ka wanke cikin kafin ta hau motarka don ba ka san yashin wane gari ta kwaso ba.

Akwai kuma hanyar ɗinkawa, kuma ga mai mota mai kariya ko ƙarfen gaba ita ta fi. Masu ɗinkin kujerun mota suna yi, su auna a jikin motar. Abin da zaka tsaya a kai, kar ya yi maka da tamfol tsura don shi ya fi saukin samu, in ma da shi zai yi to a shafe cikin duka da yadi mai laushi, tudun ɗinki ya kalli waje, zare ya zama na nailan ba na auduga ba, ya bar tagogin iska biyu, ya sa maɗauri uku. Ka tsaya a kanshi ranar yanka, in ka bar mishi sallahu ka tafi zaka dawo ka tarar da rumfar biki.

Mataki na bakwai, sawa da cirewa, wanda ya fi sayen muhimmanci

Riga mai tsada a kan mota mai ƙura ɓarna take yi, daidai da tamfol ɗina. Ƙa'idar ita ce mota mai tsabta kaɗai ake rufewa. In ka dawo daga Madarunfa ko Tibiri ta yi buɗu-buɗu, ko dai ka wanke ta ta bushe sannan ka rufe, ko ka bar ta a buɗe ka sa abin tare rana a gilashi kawai. Ƙurar da ke kwance a kan mota ba ta yi mata komai in ba a cuɗa ta ba. Kuma kar ka ce bari in share da busasshen tsumma, shi ma gogewa ce, ka watsa ruwa ƙurar ta gangara tukuna.

Ka bari inji da salansa su huce kamar rabin awa, salansa mai zafi yana narka yadin ya manne. Ka naɗe madubai in rigar ba ta da aljihunsu, ka kwance eriya ko ka kwantar da ita, ka rufe gilasai. Ka ɗora rigar a naɗe a kan rufi, ka warware gaba ka maƙala a bamban gaba, ka warware baya ka maƙala, sannan ka sauke gefe da gefe, ka ɗaure na tsakiya ya ɗame har in ka buga da tafi ba ta kaɗawa. Ba a jan ta daga wutsiya zuwa kai kamar ana jan tabarma. In gabanta ba a yi alama ba ka samu fenti ka rubuta GABA ta waje, zai raba ka da juye-juye cikin duhu.

Wajen cirewa ka fara kakkaɓe ƙurar da ke sama da tsintsiya mai laushi, ka kwance maɗauri, ka ɗaga gefen dama ka kwantar a rufi, ka ɗaga na hagu haka, sannan ka naɗo daga gaba da baya su haɗu a tsakiya. Haka cikin ba zai ga ƙasa ba kuma gobe yadda ka ɗauke haka zaka ajiye. Ni sai da na koya wa yaron gidanmu wannan sau uku, ranar farko ina fitowa na tarar ya baje ta a ƙasa yana ninkewa kamar zanen gado, na ce kai wa ya ce ka sauke ta, ya ce "Kawu ai ta fi ninkuwa a ƙasa." Ranar nan da ƙarangiya munka wuni.

In sabon fenti anka yi wa motar kar ka rufe ta sai ya gama bushewa ta ciki, yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, ka tambayi mai fentin ya faɗa maka.

Da damina in ruwa ya ɗauke rana ta fito ka yaye ta awa ɗaya biyu, mota ta sha iska rigar ma ta bushe, kar ka naɗe ta da danshi ka jefa a but. In ka ga hadari ya haɗo da iska kuma ba ka amince da maɗaurinka ba, cire ta ya fi. Riga ba ta tare reshe, in bedin da kake fakawa ƙarƙashi yana da busasshen reshe ka sa a sare tun bazara. Awaki ma ba ta hana su, kofato yana lotsa bonet da riga ko ba riga, abin da na lura daga dakali ko tarin bulo suke tsallakowa, da na matsar da motar taku uku daga dakalin sai hawan ya ragu.

Wanki kuwa da hunturu duk sati biyu ko uku, sauran lokaci in ka ga ta yi datti. Ka bar ta a jikin motar ka wanke wajen da ruwa da sabulu kaɗan da soso mai laushi, ka ɗauraye, sannan ka juya ta ka shanya a igiya ka wanke cikin. Ban da jabel, ban da buroshi mai ƙarfi, ban da zuba omo da yawa, suna cire shafin da ke tare ruwa da rana. Ƙaramin huji ka kai a yi faci ta waje tun yana ƙarami, iska na samun wurin kamawa sai ta ƙarasa shi.

In doguwar tafiya zaka yi, irin Umra ko wata guda a Kwatano, kar ka rufe ka manta. Mota a rufe wuri ne mai duhu da sanyi, ɓera yana so, mage tana so ta haihu a ciki, ƙadangare ma haka, kuma ɓera in ya shiga inji wayoyi yake ci. Ka bar wa wani amana duk sati ya yaye, ya kakkaɓe ta nesa da jikinshi saboda kunama, ya buɗe bonet ya leƙa, in ƙura ta shige ya watsa ruwa ta bushe sannan ya mayar. Kuma tun ranar da ka saya ka rubuta lambar motarka da manyan baƙaƙe a gefe biyu da fentin mai, ta waje. Rigar mota abin ɗauka ce cikin dare, minti ɗaya an kwance an naɗe, amma mai lamba ɓaro-ɓaro a jiki ba ta sayuwa a kasuwa, tawa har da sunan unguwa na sa aka rubuta a ƙasan lambar.